Gwaggo Mai Danna Ƙwauri

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a Wagini da sassafen wata Talata, ana tsakiyar girbin gero. Daga Allah muke, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. An kai ta makwancinta bayan azahar, kafin la'asar kuwa tsakar gidanmu ba masaka tsinke. Mata sun zo daga Karare, sun zo daga Batsari, wasu daga rugagen bayan gari, a jaki da babur da ƙafa.

Na sha zaman makoki a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mace za ta shigo tana sharar hawaye, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Mu amsa, ta nemi gefen tabarma ta zauna. Can sai ka ga ta ɗan ɗage zane tana kallon ƙwaurinta. Wata tsohuwar Bafillatana mai kawo mana nono ce ta fara furtawa. Ta miƙe ƙafa ta ce, "To, yau kuma wa zai danna mana?" Sai dariya ta ƙwace wa mutane a tsakiyar kuka. Matar liman ta ce, "Haba jama'a, gidan mutuwa ne fa!" Tana faɗa tana danne tata dariyar, don ita ma ƙwaurinta ya sha yatsan Gwaggo.

Amma wadda aka fi yin ƙus-ƙus a kanta ita ce tsohuwar da ke zaune a bakin ɗakin Gwaggo, ta jingina da bango tana jan carbi, ba ta kula kowa. Uwar mijina ce, daga garin Babban Duhu. Duk wanda ya san mu ya san rabonta da gidan nan tun lokacin da na yi haihuwar fari, kuma wannan yaron yau shi ma uba ne. A kaina suka ɓata da Gwaggo. Shi ya sa na ga ni ya kamata in rubuta wannan, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, kada jikoki su tashi suna jin ana Gwaggo, Gwaggo, ba su san wace ce ba.

Abin da na fara saninta da shi shi ne kayan cikin rago. Ranar Babbar Sallah, da maza sun gama fiɗa, Gwaggo ke karɓe kayan ciki a babbar ƙwarya, ba ta yarda wata ta taɓa. Ta kai su gindin darbejiya, mu yara mu yanyame ta kamar ƙudaje. Ba ta wanke komai sai ta faɗi sunansa da aikinsa. Ga tumbi, rumbun abinci. Ga hanji, ta ba mu mu ja mu ga tsawonsa. Ga hanta da matsarmama liƙe a jikinta, "Wanda ya fasa mini ita, shi zai ci ɗacin." Ga ƙoda biyu, ta bi mana siririyar jijiyar da ta sauka daga kowace zuwa mafitsara. Sannan ta ɗauko huhu, ta sa maƙogwaron a baki ta hura. Huhun nan da yake a yamushe sai ya tashi ya cika mata hannu. Mu yi ta tsalle, "Gwaggo ƙara! Gwaggo ƙara!" Ta saki ya sace. Ta ce, "Haka naku ke yi yanzu da kuke mini ihu a ka, ja'irai."

Zuciya take bari ƙarshe. Ta tsaga ta a hankali, ta zura yatsa cikin ɗakunanta, ta nuna mana manyan jijiyoyin da jini ke shiga da fita. Sai ta sa kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa. "Kun ji ta? Tun kuna ciki take daka, ba ta taɓa aje taɓarya ba. Ido na barci, ƙafa na hutawa, ita ko a'a. Don haka kada a ƙara mata aiki." Mu dai a lokacin jira muke a soya a ba mu.

Aikinta biyu ne a garin. Ita ke yi wa masu jego wanka, ita ke wanke gawar mata. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, wato Baba, take waɗannan biyun, kuma ba ta taɓa cewa a ba ta ko anini ba. In an kawo mata goro ta karɓa, in ba a kawo ba ta yi mita a hanya, gobe kuma ta koma.

Ɗabi'ar da ta sa ake wannan dariyar a makokinta kuwa, ita ce danna ƙwauri. Mace ba ta isa ta gaishe ta ta tashi haka nan ba, balle mai ciki ko mai goyo. Ana "Ina kwana Gwaggo, ya gida, ya ƙwarin jiki," hannunta ya riga ya kai ƙafarki. Ta danna babban yatsa a kan ƙashin, ta ɗan jira, ta ɗage ta duba. In fata ta dawo daidai, sai ta ce, "Tashi, kin ishe ni da surutu." In wurin ya loɓa, gurbin yatsan ya zauna, to kin shiga uku da tambaya. Sai ta ja fatar idonki ta ƙasa ta ga ko akwai jini, ta kafa kunne a bayanki ta ce ki ja numfashi. Takan ce, "Ku mata ko kuna mutuwa lafiya lau za ku ce. Ni ban tambayar baki, ƙwauri nike tambaya." Har amaryar mai gari ta danna ranar da aka kawo ta gaisuwa, Baba ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Abu ɗaya mata ke kuka da ita a kansa, wai hannunta sanyi gare shi. Kowa ya san yadda ake wankan jego a ƙasarmu. A tafasa ruwa har ya yi tsalle, a tsoma ganyen darbejiya ko na runhu a riƙa fyaɗa wa mace safe da yamma har arba'in, ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, ta sha kunun kanwa har ta gaji. Cewa ake jikin mai jego ɗanye ne, sai an gasa shi, in ba haka ba sanyi ya shige ta. To Gwaggo sirka ruwan take yi. Kanwa kuma ɗan gutsure take sawa, wani lokaci ma ta dama na tsamiya ta ce kanwar ta ƙare. Tsofaffi kuwa suna cewa a da, duk ƙasar Batsari ba mai zafin hannu irinta. Na taɓa tambayarta abin da ya sauya ta, ta ce in tashi in ba ta wuri. Abin da muka sani kawai shi ne ta taɓa haihuwar ɗiya guda, ta rasu shekarar da aka samu mulkin kai, kuma ba a ambatonta a gidan.

An yi mini aure shekarar da aka sauya fam da sule zuwa naira. Mijina yana aikin hanya a lokacin, kuɗin man fetur sun fara shigowa ƙasa, har ya sayi rediyo da keke. Da ciki ya tsufa aka maido ni Wagini goyon ciki, na sauka lafiya, namiji. Wai zo ka ga hidima! Itacen wanka da aka saba kawowa a jaki, ni a mota aka sauke mini shi, yara na bin ta da gudu. Ga sabuwar ganga, ga kanwa, ga kayan yaji. Uwar mijina, wadda nake kira Iya, ta zo suna, amma da taro ya watse ba ta koma ba. Labarin ruwan Gwaggo ya kai mata, ta ce ba da jikanta na fari za a yi wannan wasan ba, ita za ta gasa uwarsa da hannunta. Baba ya roƙi Gwaggo ta yi haƙuri, baƙuwa ce, kuma itacensu ne. Gwaggo ta bar mata murhun, abin da bai saba faruwa ba.

In faɗi gaskiya, Iya ba muguwa ba ce. Don so take yi. Tun duhun asuba take hura wuta, ta fyaɗa mini ganye har sai na ga taurari, tana cewa, "Daure 'yar nan, gobe ke za ki gode mini." Na daure. Amma ba a kai rabin arba'in ba na fara jin abin da ban gane ba. In na je bayan gida na dawo sai haki. In na kwanta sai tari, kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji, dole in tashi in jingina. Iya ta ce sanyi ne ke neman hanya, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Mahaifiyata tana gani, amma ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, ina za ta buɗe baki a kaina gaban suruka? Sai dai ta wuce ta ƙofar ɗakin tana kallona ta wutsiyar ido.

Wata safiya da hantsi ina zaune a kujera 'yar tsugunne, ganga na tafasa, Iya na haɗa ganye. Gwaggo ta zo wucewa da tulu a kai. Na ce, "Ina kwana Gwaggo." Ta sauke tulun, ta durƙusa, ta danna ƙwaurina. Da ta ɗage yatsa, ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Ta danna ɗayan, haka. Ta kafa kunne a bayana ta ce in ja numfashi. Ban san mi ta ji ba, na dai ga ta miƙe, ta ɗauki tulun nan ta juye shi kaf a cikin murhu. Wuta ta yi cuuu, toka da tururi suka turnuƙe gidan.

Iya ta yar da ganye ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Wutar jegon kika kashe? Itacen ɗana?"

Gwaggo ta ce, "Na kashe. Yarinyar nan ta gama wanka daga yau. Kanwa kuma ko a miya ba ta ƙara gani."

"Ke wa ya ba ki wannan ikon? To ki ji da kyau, in ba ta cika arba'in ba, ku riƙe abarku. Ba ni maida ɗanyar mace ɗakin ɗana, ta zo tana mana ciwon sanyi har tsufa."

Ni kuwa ina son mijina, ina son ɗakina. Na ce, "Gwaggo ki bari, zan iya." Ta daka mini tsawa, "Rufe mini baki, ke da ko magana ba ki iya ƙarasawa sai kin huta!"

Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Baba ya shigo daga zaure yana, "Yaya, don Allah, Yaya." Iya ta juya ta ce, "Abin mamaki, ke da ake ba da labarin zafin ruwanki har Safana! Mu a wurin irinku muka koya. Yau ke ce za ki ce wanka na kisa?"

Nan Gwaggo ta faɗi abin da ban taɓa ji ba, kuma da murya ƙasa-ƙasa ta faɗe shi. Ta ce, "Ƙwarai, ni ce. Ɗiyata guda Allah ya ba ni. Ni na yi mata wanka, ban yarda kowa ya taɓa ba, don a ce ɗiyar gwana ce. Ƙafarta ta kumbura, na ce sanyi ne, na ƙara wuta. Ta ce ba ta iya kwanciya, na ƙara kanwa. Na cika mata arba'in ɗin nan da kike faɗa, ban rage kwana ko ɗaya ba. Ana can ana kiɗan mulkin kai, ni ina ɗaki ina wanke gawarta. Na riƙe ƙafarta in juya ta, yatsuna suka zauna a jiki. Tun daga ranar nike duba ƙafar duk mai jegon da aka kira ni in wanke gawarta, kuma na ga irin wannan ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ni kam ban wanke gawar ɗiya sau biyu. In auren ne ya mutu, ya mutu."

Mahaifiyata ta shige ɗaki tana kuka. Iya ta ɗaure kayanta a ranar, ta ce a kai ta bakin hanya.

A jaki Baba ya kai ni Batsari, Gwaggo na biye a ƙafa da jariri a baya. Malamin asibiti ya sa abin sauraren ƙirji, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce birni. Muka shiga motar kasuwa zuwa Katsina, ni a gaba, Gwaggo a baya kan buhunan wake. A babban asibiti aka ba ni gado, aka tokare mini baya da matasai, aka ba ni ƙwayoyin da suka sa na yi ta fitsari kamar an buɗe famfo. Kwana kaɗan ƙafa ta sace, numfashi ya dawo.

Ranar da aka zo ɗibar jinina, Gwaggo ta tare malamin gwaji a ƙofa. "Ina za ka da jinin ɗiyar mutane?" Mutumin kirki ne, ya yi dariya ya ce ta biyo shi ta gani. Da ta dawo ta zauna a bakin gadona. Can ta ce, "Ke, ɗigo guda ya shafa a gilashi, ya sa a madubinsu ya ce in leƙa. Wallahi ƙwayoyi ne birjik, kamar an baza gero a faifai. Wai su ke ɗaukar iskar da huhu ya shaƙa su kai ko'ina. Wai nama da fata da hanta, duk da irin waɗannan 'yan ƙwayoyin aka gina su, kowace da ranta da aikinta." Ta girgiza kai. "Shekara da shekaru ina wanke kayan ciki ina yi muku burga, ashe a zaure na tsaya, ban shiga gidan ba. Allah mai iko."

Wata nas ce ta yi mana bayanin ciwon. Ta ce zuciyar mace ta riga ta sha aikin mutum biyu lokacin ciki, bayan haihuwa hutu take nema. Zafin ruwa da na gado suna sa ta ƙara gudu, kanwa kuma dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. In zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru, wani ya sauka ƙafa, wani ya kwanta a huhu. Na zaci Gwaggo za ta yi murna an gaskata ta. Sai na ga ta rufe fuska da mayafi. Nas ta gane, ta ce, "Gwaggo, ba kowa wankan ke kayarwa ba, kuma wasu zuciyar kan gaza ko ba a yi musu ba." Gwaggo ta ce, "Na ji, 'yar nan. Amma jakin da ya gaji, ni na ƙara masa kaya."

Auren bai mutu ba. Mijina ya zo har asibiti, da aka sallame ni na ƙara hutawa a gida shi ya zo ya ɗauke ni. Iya ba ta hana ba, amma ba ta yafe ba. Na zauna da ita shekaru masu yawa, in na yi atishawa ta ce, "Ga shi nan, sanyin jego." In gwiwata ta yi ƙara ta ce, "Aikin gwaggonki ne." In sun haɗu a biki, Gwaggo ta gaishe ta, ita ta kau da kai. Sai dai akwai ranar da autarta ta haihu, na shiga ɗakin ba zato, na tarar da Iya durƙushe da yatsa a ƙwaurin yarinyar. Da ta gan ni ta hau kakkaɓe mata ƙafa, wai tururuwa ce. Ban gaya wa Gwaggo ba, don na san bakinta.

Da tsufa ya kama Gwaggo na dawo Wagini jinyarta. Wata rana muna shan hantsi ta miƙe ƙafa, ta danna ƙwaurinta da kanta, ta ɗage. Ramin ya zauna. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "To, mai dakan ta gaji." An kai ta asibiti, an ba ta irin ƙwayoyin da aka ba ni, sun riƙe ta damina biyu. Har ƙarshe ba ta daina ba, duk wadda ta zo dubiya sai ta miƙo ƙafa.

Safiyar da ta cika, na aika wa mijina. Ban ce a gaya wa Iya ba. Muna shirin wanka sai ga ƙarar babur, ga shi ya shigo riƙe da hannun uwarsa, tana dogara sanda, ta sha ƙurar hanya. Ba ta gaida kowa ba. Ta ce, "Ina take?" Na nuna ɗaki. Ta ce, "Da ni za a yi."

Muka shiga mu uku da matar liman. Wata ƙanwata ta miƙo bokitin ruwa daga murhu, yana ɗan tururi. Na kai hannu zan ɗauki moɗa, sai Iya ta riƙe ni. Ta tsoma yatsunta a ruwan, ta cire, ta juya wajen ƙofa. Wannan matar da ta rabu da gidanmu a kan wutar da aka kashe, ita ce ta ce, "Ku kawo na randa a sirka. Ba ta son zafi."

Nan ne na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya mata makwanci, ya sada ta da ɗiyarta. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan.